Idan jikinmu na da enzayim masu lalata ƙwayar HIV, me ya sa ba sa warkar da mu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a nan Kaduna. Wata mai shan TLD, maganin HIV mai haɗin magunguna uku, gwajin busasshen jininta na kan kati ya nuna kwafin ƙwayar HIV sama da 1,000, sai aka tura katin gwajin bijire wa magani. Da aka sake gwaji da ruwan jini, ƙwayar ba ta kai kwafi 50 ba. Amma sakamakon katin ya dawo da M184I, canjin da ake dangantawa da bijire wa magani, da alamomin tsayawa a tsakiyar RT, enzayim ɗin ƙwayar, kuma harafin A ya cika wuraren da ya kamata a ga G. An ce mini wani enzayim na jikin mutum ne ke yin haka. Yaya yake yi? In kuwa yana iya lalata ƙwayar har haka, me ya hana shi warkar da mutum?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da aka faɗa miki gaskiya ne. Takardar da ke hannunki sawun enzayim ɗin jikinmu APOBEC3G ce, ko ɗaya daga cikin 'yan'uwansa. Zan fara da yadda yake aikinsa, domin sai an gane wannan za a ga dalilin da ya sa bai dace a canza wa baiwar Allahn nan magani a kan wannan takarda kaɗai ba.

HIV tana cikin dangin retirobairos. Kundin gadonta RNA ne, kwafi biyu, kowanne da haruffa wajen 9,700. Ba ta iya zama daram a cikin sel ɗinmu sai ta mai da RNA ɗin nan DNA, ta kuma dasa shi a cikin kuromosom. Mai yi mata wannan juyi shi ne enzayim ɗinta RT, irin wanda Howard Temin da David Baltimore suka gano a 1970, kowa a nasa ɗakin binciken. RT yana bin RNA yana haɗa zaren DNA na farko. Yana tafe, wani sashe nasa mai suna RNase H yana cinye RNA ɗin da aka gama kwafa. Saboda haka akwai ɗan lokacin da zaren farko ke zama shi kaɗai, babu abokin da ya rufe shi, kafin a haɗa zare na biyu a kansa. A wannan ɗan lokaci ne ƙwayar ke da rauni.

APOBEC3G furotin ne mai amino asid 384, yana da sassa biyu masu riƙe da zink. Sashen baya shi ke da kaifin aikin: yana kama harafin C a jikin DNA mai zare ɗaya, ya cire masa rukunin amino, sai C ya koma U. DNA mai zare biyu ba ya taɓuwa gare shi. Da RT ya zo haɗa zare na biyu ya tarar da U, sai ya ɗauke shi a matsayin T ya sa masa A a gabansa, alhali G ya kamata ya sa tun da asalin wurin C ne. Ke da kike karanta zare na biyu, G kike gani ya koma A. Kuma ba ko'ina yake dira ba. APOBEC3G ya fi son C da ke biye da wani C, shi ya sa a takardarki za ki ga GG ya zama AG. 'Yan'uwansa D da F da H sun fi son TC, nasu sawun GA ne ya zama AA. Su bakwai ne a gidan, A, B, C, D, F, G da H, jere a kan kuromosom na 22.

Dubi ɓarnar da harafi ɗaya ke yi. Amino asid tiriftofan kodon, wato haruffa ukun da ke wakiltarsa, ɗaya tak gare shi, TGG. In G na farko ya koma A an sami TAG, in na biyu ne an sami TGA, in duka biyu ne TAA. Ukun nan duka alamar tsayawa ce, wato inda ribosom, mai haɗa furotin a sel, ke ajiye aiki. Furotin da aka katse a tsakiya ba ya amfanuwa. Haka ma kodon farawa na gag, ɗaya daga cikin sassan kundin ƙwayar, ATG ne da G a bayansa, in ya koma ATA ba a ma fara karatun ba. A kundi ɗaya ana iya samun ɗaruruwan irin wannan canji, kuma sun fi taruwa a wuraren da zaren farko ya fi daɗewa shi kaɗai. Ban da canza haruffa, enzayim ɗin yana manne wa zaren ya tare wa RT hanya, sai DNA ɗin da ake kammalawa ya ragu.

Akwai abin da ɗalibai suka cika juyawa a nan. APOBEC3G ba ya kare sel ɗin da ya samar da shi. Yayin da sabuwar ƙwaya ke haɗuwa a cikin sel mai cutar, sai ya kama RNA ɗinta da sashensa na gaba, a naɗe shi a fita da shi. 'Yan kwafin enzayim ɗin kaɗan sun isa. Sai ƙwayar ta shiga sel na gaba ta fara juya RNA zuwa DNA sannan ya faɗa mata. Kenan duk abin da zai hana shi shiga cikin ƙwayar tun a sel na farko ya gama da shi.

Wannan shi ne aikin Vif, ƙaramin furotin na HIV mai amino asid 192. Tun ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 aka lura cewa ƙwayar da aka cire wa Vif tana yaɗuwa lafiya a wasu layukan sel na gwaji, amma a sel CD4 na mutum, fararen ƙwayoyin jinin da HIV ke kamawa, 'ya'yan da take fitarwa ba sa iya kama kowa. A 1998 aka haɗe sel iri biyun wuri ɗaya, sai halin mai hanawa ya rinjaya, aka tabbatar akwai wani abu a cikinsa da ke hanawa, ba rashin wani abu ba ne. A 2002 Ann Sheehy da Michael Malim da abokan aikinsu suka zaƙulo shi, a lokacin suna kiransa CEM15. A 2003 aka nuna yadda yake canza C zuwa U, da yadda Vif ke kawar da shi. Vif ba ya yanka komai da kansa. Yana kama APOBEC3G ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen ya jawo wasu furotin na sel ɗinmu, CUL5 da ELOB da ELOC, tare da CBF-β da ke riƙe masa siffa. Wannan taro shi ke liƙa wa APOBEC3G tambarin yubikwitin, kuma duk furotin da aka jera wa wannan tambari, furotiyasom, injin rusa furotin na sel, ke niƙe shi. Da kayan aikinmu ake rusa makaminmu.

Daidaiton nan yana da tsauri ƙwarai. A gurbi na 128 na APOBEC3G, mutum yana da amino asid D, koren birin Afirka yana da K. Wannan bambanci guda ya isa ya hana Vif na HIV-1 kama enzayim ɗin birin. Irin wannan ne ke sa ƙwayoyin birai ba sa tsallakowa cikin mutane da sauƙi. HIV-1 ta samo asali daga ƙwayar cimfanzi, wanda enzayim ɗinsa ya yi kusa da namu, shi ya sa tsallakowar ta yiwu.

To in Vif yana share shi, ina sawun da kika gani ya fito? Vif ba ya kammala aikinsa a kowane sel. Wani lokaci enzayim ɗin ya yi yawa, musamman idan intaferon, sinadarin ƙararrawar garkuwar jiki, ya tashi a farkon kamuwa. Wani lokaci Vif ɗin kansa ne ya zo da naƙasa. Ƙwayar da ta fita ɗauke da APOBEC3G tana iya gama DNA, har ta dasa shi a kuromosom, amma abin da ta dasa gurgu ne, ba zai haifi ƙwaya mai rai ba. Sel ɗin kuwa yana nan, yana rabuwa, yana kwafar gurgun kundin shekara da shekaru. A jikin mai shan magani da kyau, fiye da kashi 90 cikin 100 na kundayen HIV da ke dashe a sel lalatattu ne, wasu saboda manyan sassa sun ɓace, wasu saboda wannan canjin haruffa. Ragowar 'yan kaɗan masu lafiya su ne matsalar. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Waɗannan ne ke farkawa in an daina magani, galibi cikin mako biyu zuwa huɗu ƙwayar ta dawo cikin jini. Lissafin ma ba ya goyon bayan enzayim ɗin: wanda ba ya shan magani yana fitar da ƙwayoyi wajen biliyan 10 a rana, kuma mafi yawansu sun fito daga sel ɗin da Vif ya riga ya share.

Enzayim namu na biyu da ya kamata ki sani shi ne SAMHD1, wanda aka gano aikinsa a kan HIV a 2011. Shi ba ya taɓa ƙwayar, kayan aikinta yake ƙwacewa. RT yana buƙatar dNTP, wato haruffa huɗun da ba a riga an jera ba. SAMHD1 yana haɗuwa huɗu-huɗu, GTP da dNTP su kunna shi, sai ya riƙa raba dNTP da fosfet ukunsa, abin da ya rage ba ya shiga DNA. A makarofaj, sel ɗin garkuwar jiki mai haɗiye ƙwayoyin cuta, yawan dNTP yana tsakanin nanomola 20 zuwa 40, a sel CD4 da ya farka yana rabuwa kuwa ya ninka haka sau ɗari ko fiye. Don haka juyin da ke ɗaukar sa'o'i a sel CD4 mai aiki yakan kwana yana jan ƙafa a makarofaj, a sel CD4 mai hutawa kuma sau da yawa ba ya kammaluwa. Amma sel mai shirin rabuwa shi ma yana buƙatar dNTP don kwafar nasa DNA, sai CDK1 da CDK2 su liƙa wa SAMHD1 fosfet a gurbin T592, hanawarsa ta tsaya. Sel CD4 da ya farka, wanda shi ne babban abincin HIV, ƙofarsa a buɗe take.

HIV-1 ba ta da furotin da ke rusa SAMHD1. Abin da take da shi RT ne mai iya aiki ko da dNTP ya yi ƙaranci. HIV-2, ɗaya nau'in ƙwayar, ita ce ke da furotin Vpx, wanda ke jawo DCAF1 da CUL4 ya tura SAMHD1 furotiyasom, kamar dai yadda Vif ke yi. Abin mamaki, HIV-2 mai wannan makami ita ce ta fi sauƙi: yawanta a jini ya fi ƙanƙanta, kuma ta fi jinkirin kai mutum ga ƙanjamau. Masana da dama na ganin shigarta cikin sel masu tsaron ƙofa irin makarofaj ne ke tona mata asiri, domin enzayim cGAS yana jin DNA ɗinta ya tayar da intaferon da wuri. Wannan ya shafe mu, tun da HIV-2 ta Afirka ta Yamma ce. An ware ta a 1986, kuma ta fi yawa a Gini Bisau da Senigal da Gambiya da Kwaddibuwa. Fatake daga Kaduna da Zariya suna zuwa Abijan da Dakar. Gwajin gaggawa na Determine ba ya bambanta HIV-1 da HIV-2, na'urorin auna yawan HIV-1 ba a yi su don ƙirga HIV-2 ba, kuma magungunan efavirenz da nevirapine ba sa yi mata komai tun asali, amma dolutegravir yana kama ta. In kika ga CD4 yana sauka alhali na'ura na cewa babu ƙwaya, a tambayi inda mutumin ya zauna, a nemi gwajin da ke rarrabe biyun.

SAMHD1 yana da wani amfani ga magungunanmu. Tenofovir da lamivudine haruffan bogi ne, suna gasa da dNTP na gaske wajen shiga hannun RT. Inda dNTP ya yi ƙaranci gasar ta fi musu sauƙi.

TRIM5α, wani furotin namu, shi kuma kwanson ƙwayar yake hari. Kwanson HIV an gina shi da furotin CA wajen 1,500, jere shida-shida da wasu biyar-biyar guda 12. A 2004 aka gano cewa TRIM5α na birin resus yana saƙa raga a kan wannan kwanso, ya sa ya fashe kafin lokaci, kuma da yake shi ma mai liƙa yubikwitin ne, sai ya jawo furotiyasom ya kuma tayar da ƙararrawa. Namu yana iya yi wa wasu retirobairos na ɓera haka, amma riƙonsa a kan HIV-1 sako-sako ne. Canza amino asid ɗaya, a gurbi na 332, yana ƙarfafa shi sosai. Ƙari a kan haka HIV-1 tana lulluɓe kwansonta da wani enzayim namu, sikilofilin A, ya tare wa TRIM5α wurin kamawa. Nazarin kwanso irin wannan yana cikin abin da ya share hanyar lenacapavir, allurar da ake yi sau biyu a shekara. MX2 yana tare kwanson a bakin cibiyar sel. BST2, wanda aka gano aikinsa a 2008, ba enzayim ba ne, igiya ce da ke ɗaure sabuwar ƙwaya a jikin sel, kuma Vpu, wani furotin na HIV-1, ke kwance ta. A cikin rukunan HIV-1 huɗu, M da N da O da P, Vpu na rukunin M ne ya fi ƙwarewa a wannan, kuma M ne ya game duniya. Nau'o'in da suka fi yawa a Nijeriya, G da CRF02_AG, duka 'yan M ne.

Za ki ce to a ƙara wa jiki waɗannan enzayim mana. An yi tunanin haka, amma suna da kaifi biyu. APOBEC3A da APOBEC3B suna shiga cibiyar sel, kuma sawunsu yana cikin waɗanda aka fi gani a DNA na sankarar mama da mafitsara da huhu da bakin mahaifa. Wanda ya gaji lalataccen SAMHD1 daga iyaye biyu yana samun ciwon Aicardi-Goutières, inda intaferon ke cin ƙwaƙwalwar jariri, yawan aikinsa kuma yana karya cytarabine, maganin sankarar jini. Allurar intaferon tana ɗaga yawancin waɗannan furotin, an gwada ta a kan masu HIV, ta rage ƙwayar kaɗan, ga zazzaɓi da kasala da raguwar ƙwayoyin jini. Hanyar da ta fi ma'ana ita ce a toshe Vif a bar namu ya yi aikinsa, amma har yau babu maganin Vif da aka amince a ba mutane. Ina jaddada wannan ne saboda masu talla da lasifika a tashoshin mota da bakin kasuwa, masu cewa jiƙonsu yana tayar da garkuwar jiki ya kashe ƙwayar. Babu ganye ko abinci da aka nuna yana hana Vif aikinsa. Wanda ya ajiye TLD ya koma ga jiƙo, kundayen nan masu lafiya ne za su farka, kuma ranar da zai dawo asibiti sau da yawa tarin fuka ya riga ya shiga. 'Yan tsirarun da jikinsu ke danne ƙwayar ba magani, ƙasa da mutum ɗaya cikin 100, abin da aka fi dangantawa da su shi ne nau'in HLA, furotin da ke nuna wa garkuwar jiki sel mai cuta, irin B57 da B27, da ƙarfin sel CD8 masu kashe irin wannan sel, kuma gado ne, ba a sayensa.

Yanzu ga takardarki. Ruwan jini RNA yake ɗauke da shi, wato ƙwayar da ake haifarwa yanzu. Busasshen jini na kan kati cikakken jini ne, da fararen ƙwayoyin jini a ciki, kuma a cikinsu akwai DNA ɗin HIV da aka dasa tun shekarun baya. Idan RNA ya yi ƙaranci, abin da PCR, gwajin da ke ninka kundin ƙwayar don a gano shi, zai kama shi ne wannan tsohon DNA, wanda mafi yawansa lalatacce ne. Wannan ne ya sa kati kan nuna adadi sama da na gaskiya a wajen mai ƙaramin adadi, shi ne kuma ya sa aka karanto miki kundin da APOBEC3G ya riga ya kashe.

M184I ya dace da wannan sarai. Kodon na 184 a RT shi ne ATG, na 185 kuma ya fara da G, kin ga an sami GG. Enzayim ɗin ya mai da ATG ya zama ATA, metayonin ya koma aisolusin. A gazawar lamivudine ta gaske M184I yakan fara bayyana, amma ba ya daɗewa M184V ke maye gurbinsa, shi kuwa ATG ne ya koma GTG, A zuwa G, wanda ba aikin APOBEC ba ne. Sauran da kan fito ta wannan hanya sun haɗa da E138K da G190E da M230I a RT, D30N da M46I a furotiyes, da R263K a intagires, sauran enzayim biyu na ƙwayar. Na ƙarshen nan ya fi tayar da hankali domin yana taɓa dolutegravir, shi ya sa ganinsa a DNA yake buƙatar a natsu kafin a yanke hukunci. An nuna a ɗakin gwaji cewa canji kaɗan daga APOBEC3G yana iya taimaka wa bijirewa, amma a jikin mutane babban tushenta kuskuren RT ne, wajen harafi ɗaya cikin 30,000 a kowane zagaye, a ƙwayar da ke hayayyafa saboda ana tsallake magani.

Ki karɓi jerin haruffan kansa, kada ki tsaya a kan taƙaitaccen rahoto. Ki jera shi da na ma'auni, zai fi kyau na nau'in G ko CRF02_AG maimakon HXB2, jerin ma'aunin da aka saba amfani da shi, kaɗai, domin HXB2 nau'in B ne kuma bambancin nau'i zai ƙara miki canje-canjen da ba na enzayim ba. Ki ƙirga G da suka koma A inda G ko A ke biye musu, ki kwatanta da waɗanda suka koma A inda C ko T ke biye musu. In na farko sun rinjaya nesa ba kusa ba, sawun APOBEC ne. Manhajar Hypermut ta Los Alamos tana yin wannan lissafi, rumbun bayanan Stanford ma yana nuna alamun. Sannan ki duba kowane TGG. Alamar tsayawa ko ɗaya a tsakiyar RT tana nufin wannan kundi ba zai iya haifar da ƙwaya ba, don haka M184I da ke tare da ita ba hujjar gazawar magani ba ce. Ki rubuta haka a fili a rahoton da za ki mayar wa likita.

Hukuncin gazawa yana kan ruwan jini: adadi sama da kwafi 1,000, a zauna da mai maganin a gyara yadda take sha, a sake gwaji bayan wata uku, in har yanzu yana sama sannan a yi maganar canji. Adadin matar nan bai kai 50 ba, sai ta ci gaba da ƙwayar maganinta ɗaya a rana, tenofovir miligiram 300, lamivudine 300, dolutegravir 50.

Ruwan jinin ma yana iya gurɓata da DNA in ba a kula ba. A ɗebi jini a kwalbar EDTA, a raba shi cikin sa'o'i shida sai in takardar na'urarku ta ba da ƙarin lokaci, a juya shi a ƙarfin 800 zuwa 1,600 g na minti 20, a zuƙe ruwan sama ba tare da bakin bututu ya taɓa farin layin da ke kan jajayen ƙwayoyi ba, a zuba a sabuwar kwalba kafin a daskarar. Kwalba mai jel da aka daskarar yadda take tana iya sakin DNA daga sel ɗin da suka maƙale, adadi ya tashi ba gaira ba dalili. In dole sai kati, kamar samfurin da ke zuwa daga ƙauyukan Birnin Gwari ko Kauru, a cika da'ira biyar, a bar shi ya bushe a inuwa aƙalla sa'o'i huɗu, da damina gara ya kwana, a sa shi a leda mai zif da abin tsotse danshi, kuma kada ya wuce kwana 14 a zafin ɗaki kafin ya isa firiza mai awo 20 ƙasa da sifiri. Danshi da zafi RNA suke fara ci su bar DNA, sai rabon tsofaffin kundaye a cikin abin da za a karanta ya ƙaru.